Kwamfuta Ɗaya, Mutum Biyu

Yau tarihin koyon rubuta manhaja biyu-biyu za mu ɗan taɓa.

A 1945, a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, aka zaɓi mata shida su tsara aikin ENIAC, wata ƙatuwar kwamfuta da ta cika ɗaki guda. Babu kibod, babu littafin koyo. Wayoyi ake sokawa, a murɗa makunnai. Zanen injin kawai aka miƙa musu, sai suka kasu biyu-biyu suna koya wa juna. Jean Jennings da Betty Snyder ne suka haɗa lissafin tafiyar harsashi da aka nuna wa jama'a a Fabrairun 1946, wannan na kama kuskuren waccan. Liyafar da aka yi bayan nan ko gayyatarsu ba a yi ba, abin yana ci mini rai.

Sai a 1999 Kent Beck ya fitar da littafinsa kan Extreme Programming, ya sa wannan zama cikin ƙa'idojinsa. Mai riƙe da kibod shi ne direba, na gefensa yana nuna hanya, suna musanyawa.

To ni a wajen musanyar nan na kwafsa. Wata ƙanwata da nake koya wa Python, da ta tsaya tunani sai in fizge kibod ɗin in gyara. Wata biyu ba ta iya rubuta layi goma ita kaɗai ba, har ta ce, "Yaya, ni dainawa zan yi." Yanzu ita ke tuƙi, ni hannuna na aljihu. Shekaranjiya ita ta nuna mini inda na manta ban rufe baka ba.