Zaɓen 1979: Ɗan Makulli a Gonar Masara

Jama'a, mu tuna baya. Muna yara aka yi zaɓen Majalisar Dattawa ranar 7 ga Yuli 1979, na Wakilai kuma ranar 14. Jihar Neja a lokacin ta NPN ce, mai gida da masara; kujerun dattawa biyar duk ita ta kwashe. Iyayenmu da suka zo daga Kano kuwa, da yawansu zuciyarsu na wajen PRP ta Malam Aminu, mai ɗan makulli. Sun jefa ƙuri'a, sun sha kaye, gari na wayewa suka buɗe rumfuna, ana ciniki da Gwarawa da Nufawa ba gaba.

To, mu mazauna Gidan Kwano, ƙuri'a ta yini guda ce, maƙwabtaka kuwa ta kullum. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.