Daga Masaki Zuwa Kwali: Tarihin Tsaron Ɗa Mai Rarrafe a Gidajenmu

Da aka ce kowane rukuni ya kawo abin da za a sa a takardar bikin bana, mu 'yan kasuwa da ke ajin yamma na yaƙi da jahilci muka zaɓi mu bi tarihin wani aiki da kowaccenmu ta yi, amma ba a taɓa biyan kowa ko kwabo a kansa ba, wato tsare yaro daga ranar da ya fara rarrafe har ya iya jin "bari". Yawanci daga wata bakwai ne zuwa goma yaro ke fara ja da ciki. Daga nan kuma uwa ta yi sallama da kwanciyar hankali har bayan yaye.

Mun tambayi tsofaffinmu yadda aka yi a da, abu na farko da suka ce shi ne goyo. Zani da majanyi su ne shingen farko, kuma har gobe babu wanda ya fi su. Mace tana daka, tana tankaɗe, tana jan ruwa, ɗa yana bayanta, ta san inda hannunsa yake. Amma goyo yana da iyaka. Ɗan wata tara ya yi nauyi, ya fara zillo yana son ƙasa, kuma ba a son a sunkuya a kan tukunyar tuwo da shi a baya. Dole a sauke shi. To, ina za a ajiye shi?

A gidan gargajiya, ginin kansa yana taya uwa. Ɗakunan ƙasa suna da dokin ƙofa mai tudu. An yi shi ne don kada ruwan sama ya shigo, amma mai rarrafe yakan yi wata da watanni kafin ya iya haye shi. Cikin ɗaki daɓe ne, mata suka taru suka buga shi da makuba, babu santsi kamar tayil ɗin yanzu. Kaya kuma sama suke: ƙwarya a ragaya, fitilar aci-bal-bal a alkuki. Wanda ke koyon zama sai a sa shi cikin masaki ko kwando, a tokare shi da tsummoki ta kowane gefe. Matan karkara da ke zuwa gona sun ce su kan shimfiɗa zani a inuwa, a bar yarinya tana gadi tana korar tururuwa.

Amma babban shingen wancan zamani ba na ƙasa ba ne, na mutane ne. Gida ɗaya za ki tarar da kaka, da matan 'yan uwan miji, da abokiyar zama, da 'yan mata biyar ko shida. Ko kishi ya kai ina, da wuya mace ta ga ɗan kishiyarta ya nufi murhu ta kau da kai, don ɗa na kowa ne. Ga kuma 'yar raino, wadda akan ɗauko daga dangi tun tana shekara bakwai ko takwas, aikinta ke nan ta saɓa yaro a kwankwaso. Da yawa cikinmu mun yi wannan aikin, shi ya sa sai da muka haura arba'in muke koyon haɗa baƙi da wasali.

Kada dai mu yi wa da kwalliyar da ba ta da ita. Tsofaffin da kansu suka ce rijiyar tsakar gida ta ci yara, kuma kusan kowace unguwa akwai babban mutum mai tabon wuta tun na yarinta. Lokacin hunturu, da ake kwana da kaskon wuta a ɗaki, shi ne lokacin da aka fi ƙonewa. Abin da ya bambanta shi ne hatsarin a bayyane yake, an san wurinsa: rijiya, murhu, kwatarniyar ruwa, akuya mai jego. Ana ganinsa daga nesa.

Daga nan sai gari ya cika. A ƙidayar 1952 mutanen birnin Kano wajen dubu 130 ne. A ta 2006 jihar ta haura miliyan 9, kuma kaso mai yawa a cikin birni da kewaye suke. Unguwanni irin su Kurna, Rijiyar Lemo, Brigade, Ɗorayi da Sheka suka tumbatsa da gidajen haya. Amarya da a da za a kai ta ɗaki a gidan surukai, yanzu sai a kai ta ciki da falo, ko ma ɗaki ɗaya tal, a gidan da magidanci takwas ke amfani da banɗaki guda. Maƙwabciya ba 'yar uwa ba ce, wata ma ba ku jin yaren juna. Maginan siminti kuma suka daina yin dokin ƙofa mai tudu.

A 1976, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira UPE. Ba rana ɗaya ya kwashe 'yan mata ba, iyaye da yawa sun yi ta ɓoye nasu. Amma a hankali 'yar raino ta sa yunifom ta tafi. Mu da muka rasa wannan damar, sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 aka buɗe wa irinmu ƙofa, ba za mu taɓa cewa a dawo da yarinya gida don raino ba. Sai dai gaskiya ita ce daga ƙarfe bakwai na safe zuwa azahar uwa ta koma ita kaɗai, da ido biyu kacal.

Kaya ma suka sauko ƙasa. Bayan kuɗin Udoji na 1975 gidajen ma'aikata suka cika da rediyo, fanka da dutsen guga, sauran jama'a suka bi sahu. Risho ya maye gurbin murhu, kuma a ɗaki ɗaya ba shi da mazauni sai bayan ƙofa, daidai tsayin mai rarrafe. Kananzir kuwa a kwalbar lemo ake sayo shi. Yaro ya ga kwalbar da ya saba gani a bakin yayansa, ruwa fari a ciki, me zai hana shi? Nan aka samo al'adar ɗura wa yaro manja ko madara don ya yi amai. Ma'aikatan asibiti sun daɗe suna hana wannan, domin aman ne ke tura kananzir cikin huhu, shi ne kuma ke kisa. Abin yi shi ne a cire masa rigar da ta jiƙe, a ruga da shi asibiti. Haka ƙuna: ruwa mai sanyi za a yi ta zubawa kamar minti 20, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba.

Da famfo ya zama sai an ga dama, sai kowane ɗaki ya cika da bokitai da baho na roba, irin waɗanda masana'antun Sharaɗa da Bompai ke fitarwa. Wato rijiyar da aka baro a tsakar gida ta biyo mu har gindin gado. Kan yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da jikinsa. In ya dafa bokiti ya leƙa, kai ne ke fara shiga, ba ya iya juyowa, kuma ba ya ihu. Ruwan da bai kai kamu ɗaya ba ya isa. Ga hita da ake jefawa a bokiti da asuba, ga wayar caji tana lilo, ga fiya-fiya da shinkafar ɓera a ƙarƙashin gado. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a ƙananan kwalabe a kasuwa da kantuna, amma kowa ya san har yanzu akwai ɗakunan da ke da ita.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya nuna wani hatsarin da ko ido goma ba zai gani ba. A ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su, ana niƙa. Ashe akwai dalma a ciki. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, masu rarrafe suka yi ta shafa suna kai hannu baki. Yara wajen 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Duk mai sana'a a cikin gida, ko rini, ko haɗa sabulu da soda, ko ƙulla maganin sauro, ta tuna ƙasan ɗakinta akushin ɗanta ne.

To, ya mata suka yi? Ba su zauna jiran kowa ba. Masaki ya zama daro, daro ya zama baho. Mu 'yan kasuwa kuwa kwali ne ya rufa mana asiri. Ki shiga Rimi ko 'Yankaba da hantsi, ki leƙa ƙarƙashin tebura, za ki ga kwalin taliya ko na sabulu an shimfiɗa zani a ciki, mai gida yana zaune yana tsotsar murfin roba. Wasu tsohuwar taya suke wankewa su naɗe ta da tsumma. Duk waɗannan na ɗan lokaci ne. Ranar da yaro ya iya dafa baki ya miƙe, kwali zai kife da shi, baho ma haka. Akwai kuma masu ɗaure ƙafar yaro ko kugunsa da ɗankwali a ƙafar gado su fita ɗebo ruwa. Mun san wahala ce ke sa haka, ba mugunta ba, amma ɗankwalin da ya kai kamu uku ya isa ya naɗe wuya. Wannan kam a bar shi.

Sai keken zamani mai ƙafafun taya, wanda ake zaunar da yaro a tsakiya, har ya zama kayan barka. Mu muna ganin ya fi kama da abin ado. Yana ba ɗan wata takwas gudu da tsawon da hankalinsa bai kai ba, ya isa ga risho kafin ki ajiye ludayi, ya jawo filas daga kan tebur. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi gaba ɗaya tun 2004. Keken katako mai ƙafa uku na kafintocinmu, wanda yaro ke turawa yana tatata, ya fi shi, don sai wanda ya riga ya iya tsayuwa ke amfani da shi. Shi kuwa gadon yara mai raga da ake shigowa da shi daga waje, yana da kyau, sai dai tsada, kuma in kin buɗe shi a ɗaki ɗaya sai ki rasa inda za ki shimfiɗa sallaya.

Abin da muka ga ya fi karɓar ɗakunanmu shi ne rabin ƙyaure. Kafinta zai auna faɗin ƙofa ya yi shi da katako, tsayinsa ya kai kwankwason babba, sakata ta waje. Iska na shiga, uwa na girki a baranda tana ganin ɗanta, shi ma yana ganinta bai yi kuka ba. A gaya wa kafinta sandunan su tsaya a tsaye, don na kwance tsani ne, kuma tsakaninsu kada ya wuce yatsu uku, saboda kai. Idan aka duba, dokin ƙofar kakanninmu ne ya dawo da sabuwar riga. Wasu cikinmu da kwasar adashe suka yi nasu, in yaro ya girma a cire a miƙa wa ta gaba mai goyo. Masu haya su nemi izinin mai gida kafin a buga ƙusa, in ya ƙi, akwai wanda ake zurawa tsakanin katako biyu a ɗaga a cire.

Raino na karo-karo ma ya fara dawowa a wasu gidajen haya. Mata uku ko huɗu masu goyo su raba kwanaki: yau yaran duka a ɗakin wance, ta kwashe bokitai ta ɗora risho a sama, sauran su tafi kasuwa ko awo, gobe a koma ɗakin wata. Wadda ke da aikin ranar ba ta girki, sauran ne ke zubo mata abinci. Inda muka ga abin ya ɗore, ba a haɗa wa mace ɗaya masu rarrafe fiye da uku.