Haraji, Alkawari da Rance: Yadda Arewa Ta Ɗauki Nauyin Karatun Likitocinta

Malaman Musulunci tun na dauri sun sanya ilmin ɗibbu a cikin farillan kifaya, watau wajibin da in waɗansu sun tsaya da shi ya sauka daga wuyan saura, in kuwa aka wayi gari babu mai shi ko ɗaya a cikin alƙarya, to alhaki ya hau kan kowa. Imamu Gazali ya kawo wannan hukunci a cikin Ihya'u, har ya koka da yadda mutanen zamaninsa suka yi rububin fiƙihu suka bar magani a hannun waɗansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, duk da nauyin sarauta da na yaƙi, sai da ya zauna ya wallafa littattafai a kan cututtuka da magungunansu. Amma akwai wani abu da hukuncin ya ƙunsa wanda ba a cika faɗa ba, shi ne cewa farillar da ke kan jama'a guzurinta ma a kan jama'a yake, domin ba ya kamata a ce wa ɗan talaka ya je ya sauke mana wajibi, sa'an nan a bar shi ya nemi kuɗin hanya shi kaɗai.

Kafin zuwan Turawa wannan mas'ala ba ta da wuya. Wanzami da maɗori da ungozoma, galibinsu gado suka yi, wanda kuwa ya shigo sana'ar daga waje, da hidima yake biya: ya ɗauki zabira ya bi maigida kasuwa-kasuwa, ya yi masa noma da damina, har ranar da za a sa masa albarka a sallame shi. Likitancin asibiti ne ya zo da wani irin nauyi da ba a saba da shi ba, gama yana bukatar a ɗauke saurayi daga gona da kasuwa shekara shida ko bakwai bayan ya gama sakandare, a ciyar da shi, a tufatar da shi, a sayo masa littattafai daga Ingila, a tanadar masa ɗakin gwaje-gwaje da malamai masu tsadar albashi, alhali a duk tsawon wannan lokaci ba ya kawo ko anini gida. Manomin da zai iya wannan da aljihunsa ba a haife shi ba a wancan zamani, kuma har yau ƙalilan ne.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta yi gaggawar fitar da likitoci daga Arewa ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 malaman makaranta aka nufa da ita. Ta wajen kiwon lafiya kuwa, abin da aka ga ya ishe mu shi ne makarantar harhaɗa magunguna a Zariya da makarantar tsabta a Kano, inda ake fitar da disfensa da duba-gari, waɗanda En'e take aikawa ta kuma ɗauki nauyinsu daga Baitulmali, su dawo su riƙe ƙananan ɗakunan shan magani na gunduma. Ya kamata mai karatu ya dakata a kan kalmar nan Baitulmali, domin abin da ke cikinsa haraji ne da jangali, wanda dagaci ya bi gida-gida da ruga-ruga ya tattaro, wani lokaci daga hannun mutumin da sai da ya sayar da akuya ko hatsin da zai ci da bazara. Wannan talaka shi ne mai ɗaukar nauyi na farko a wannan tarihi, ko da yake sunansa bai hau kan takardar kowa ba. A Kudu an buɗe makarantar likita ta Yaba a 1930, amma shaidarta ba ta aiki sai a cikin Nijeriya, kuma masu ita mataimakan likita ake kiran su, albashinsu bai kai na Bature ba ko da sun fi shi aiki. Malam Sa'adu Zungur, wanda shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934, bai fito likita ba. Daga baya ya koyar a makarantar magunguna ta Zariya.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da likitan farko na Arewa ya fito ta wata ƙofa dabam. Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912 a ƙasar Zazzau, ya tashi ne a hannun Dokta Walter Miller da mishan ɗin da ya zauna a Wusasa, daga nan ya tafi Kwalejin Sarki ta Ikko, sa'an nan Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo ya kama aikin gwamnati a 1940. A lura da wannan shekara: kusan shekara arba'in ke nan da cin Sakkwato, kuma ƙasar da ke da miliyoyin mutane a sa'an nan ta sami ɗanta guda ɗaya mai cikakkiyar shaidar likita. Mutumin bai ɗauki ilminsa a matsayin dukiyar kansa ba, domin shi ne ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta, ya kai matsayin babban sakatare a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa, kuma asibitin koyarwa da ke Kaduna sunansa yake ɗauke da shi yau.

Al'amari ya fara sauyawa ne da buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948. A cikin ɗalibanta na farko akwai Ishaya Audu da Umaru Shehu, kuma da yake asibitin koyarwa na Badun bai buɗe ba sai 1957, tilas aka riƙa tura ɗalibai Ingila su ƙarasa: Ishaya Audu ya gama a Landan, Umaru Shehu a Liverpool. Da Sardauna ya zama Firimiya a 1954, kuma manufar mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa ta kankama, sai neman yaran da za su karanta likita ya zama aikin hukuma kanta, har ana bin su makarantunsu tun ba su gama ba. Wanda ya sami sukolashif ɗin Gwamnatin Jihar Arewa an ɗauke masa kuɗin makaranta da na abinci da na littattafai da na jirgi, har da na kayan sanyi in ƙasar Turai za shi. Shi kuma sai ya sa hannu a kan yarjejeniya cewa in ya dawo zai yi wa gwamnati aiki na waɗansu shekaru a duk inda aka tura shi. Kuɗin kuwa daga ina? Daga haraji, da kuma rarar da Hukumar Ciniki take samu a kan gyaɗa da auduga, watau bambancin da ke tsakanin abin da aka biya manomi a kan sikeli da abin da aka sayar a kasuwar duniya. Duk wanda ya ga hoton dalar gyaɗa ta Kano, to ya ga wani kaso na kuɗin karatun likitocinmu na farko. Don gaggawa har an buɗe makarantar likita a Kano a 1955 mai fitar da mataimakan likita, ko da yake ba ta yi dogon zamani ba.

A ganina wannan yarjejeniya ita ce mafi adalcin tsari da aka taɓa yi a wannan fage, domin ta haɗa mai biya da mai amfana a wuri guda. Manomin da aka rage wa kuɗin gyaɗarsa, shi ne wanda zai kawo matarsa mai naƙuda asibitin lardi ya tarar da yaron da gyaɗar ta karantar. Bashi ne, amma da aiki ake biyansa, kamar yadda yaron wanzami yake biya da ɗaukar zabira, kuma babu riba a cikinsa balle a shiga shubuha.

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, sashenta na koyon likita kuma a 1967, shekarar da aka raba Jihar Arewa gida shida kowace jiha ta kafa hukumar sukolashif tata. Kuɗin man fetur ya ɗauke nauyin na ɗan lokaci. A zamanin ne kuma rance na tsabar kuɗi ya shigo, da Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972. Aka ba da, amma karɓowa ta gagara, kuma bankin ilmi da aka yi wa doka a 1993 don ya gaje ta bai kai ko'ina ba. A 1978, da aka ƙara kuɗin abinci da na kwana a jami'o'i, ɗalibai suka yi boren da ya ci rayuka a Ikko da Samaru, kuma kwamishinan ilmi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, shi kansa likita ne da ya fito daga Badun. Shekara guda bayan haka gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Sokewar rahama ce ga talaka, babu shakka, amma daga nan ɗalibi ya daina ganin fuskar wanda ya biya masa, ya koma ganin kuɗin gwamnati kamar ruwan sama.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar Naira, sukolashif ya zama suna kawai, abin da ake bayarwa a shekara ba ya sayen babban littafi ɗaya na ilmin sassan jiki, albashin likita ma ya zube, manyan likitoci suka yi ta tafiya Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, daga baya kuma Ingila da Amurka. A shekarun baya-bayan nan jihohin Arewa da dama sun farfaɗo da tsohuwar hanya, suka tura ɗalibai, musamman 'yan mata, Sudan da Masar da wasu ƙasashe, saboda matanmu da yawa ba sa sakin jiki sai da likita mace. Niyya ce mai kyau ƙwarai, sai dai tana rataye da wa'adin gwamna da farashin Dala, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya dawo da ɗalibai masu yawa gida karatu bai ƙare ba.

Yanzu ga asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda aka sa hannu a kan dokarsa a watan Afrilu na 2024: yana biya wa ɗalibin makarantar gwamnati kuɗin makaranta, ya ba shi Naira 20,000 a wata na ɗawainiya, babu ruwa a kai, kuma ba a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Rance ne marar riba, ya cancanci yabo, kuma ina kira ga iyayen da ke ɗari-ɗari da shi su bar 'ya'yansu su nema. Amma rance na kuɗi da kuɗi ake biyansa, wanda ya biya kuwa ya fita haƙƙi, ko a asibitin ƙauye yake ko a Landan. Ga shi kuma ɗalibin likita ya fi kowa daɗewa a makaranta, don haka ya fi kowa tara bashi, bashin kuma shi zai ƙara tura shi inda albashi ya fi tsoka. An kawo ƙuduri a Majalisar Wakilai a 2023 na hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida, likitoci suka ƙi, kuma suna da hujja, domin tilas ba tare da yarjejeniya ba zalunci ne. Abin da ya dace shi ne gwamnatocin jihohinmu su ɗauki rancen ɗalibin likita a kansu, kowace shekara da ya yi a asibitin karkara a yafe masa wani kaso, a rubuta wannan a doka don kada ya mutu da sauyin gwamna. Attajiranmu kuma, waɗanda Allah ya hore wa gina masallatai a kowane lungu, su tsayar da wakafi na musamman wanda amfaninsa zai riƙa karantar da likita ɗaya ko biyu daga kowace ƙaramar hukuma duk shekara.