Amanar da ke Ƙarƙashin Ƙasa

Mu da muka tsufa a aikin kayan tarihi mun san cewa masu haƙar kuza ne suka riga hukuma isa ga taskar ƙasar Nok, domin tun 1928 suke cin karo da mutum-mutumin yumɓu a ramukansu, har Allah Ya sa kan wani mutum-mutumi da aka samu a Jama'a ya faɗa hannun Bernard Fagg, wanda ya gane darajarsa. A 1943 aka ɗora wa Kenneth Murray kula da kayan tarihin Nijeriya, a 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos, sannan dokar 1953 ta hana fitar da su ba da izini ba, wato hukuma ta yarda cewa tsare gadon magabata farilla ce ta kifaya, wadda in ba wanda ya ɗauka, alhakin yana wuyan al'umma duka.

Namu gidan na Kaduna, da ke kan titin Ali Akilu, an buɗe shi a 1975 a tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC, kuma doka ta 77 ta 1979 ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Sai dai baitulmali bai bi sawun doka ba, alhali kuwa takarda ba ta gadin daji. Bayan 1990, da dillalai suka shiga ƙauyuka da kuɗi a hannu, manoman da talauci ya matsa suka yi ta farke kufai, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk kan da aka zare daga mazauninsa ya rabu da gawayi da ɓaraguzan tukwanen da za su ba da shaidar zamaninsa, ya zama tamkar hadisin da isnadinsa ya yanke. Wasu sun kai har Faris, inda Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, amma ta riƙe su aro na shekara 25.

Bilhasali, tono mafi zurfin ilimi da muka gani shi ne na Farfesa Peter Breunig na jami'ar Frankfurt, wanda ya fara a 2005 ya kafa sansani a Janjala, da kuɗin Jamus. Bayan an nuna kayan can a 2013, aka dawo da su nan Kaduna kamar yadda shari'a ta tanada. Na yi murna ƙwarai da dawowarsu, amma har yau ina jin nauyin cewa baƙo ne ya biya leburori, da mota, da kuɗin auna shekarun gawayin.