Tarihin Tabaron VR da Kwamfuta Mai Ƙaramin Ƙarfi

Fasahar VR ita ce a ɗaura wa mutum tabarau mai allo biyu, kowane ido da nasa, ta yadda in ya juya kai hoton ma ya juya, har ya ji kamar yana tsaye cikin wurin da yake kallo. Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull ne suka haɗa irinsa na farko a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1968. Saboda nauyinsa daga rufin ɗaki aka rataye shi, kuma zanen layuka kawai yake nunawa. A 1995 kamfanin Nintendo ya fito da Virtual Boy, amma bai yi kasuwa ba.

Harkar ta farfaɗo da Oculus Rift, wanda Facebook ya sayi kamfaninsa a 2014 kan kimanin dala biliyan 2. Da tabaron ya shiga kasuwa a 2016 sai ta bayyana cewa kwamfuta ce ke ɗaukar wahalar. Dole ta zana hoto sau 90 a kowace daƙiƙa, kuma na ido biyu. In ta yi nawa, ido ya ga abu ɗaya jiki ya ji wani, nan take jiri da tashin zuciya su kama mai kallo. Shi ya sa aka nemi katin hoto irin GTX 970 da RAM mai giga 8. Yawancin laftof sun faɗi wannan jarrabawa. Akwai ma masu katin hoto mai kyau da suka gaza, domin ramin HDMI ɗinsu yana haɗe ne da ƙaramin sashen hoto na Intel, ba da babban katin ba. Ga kuma zafi: da an matsa wa laftof sai fanka ta kama ƙugi, injin ya rage gudu don kada ya ƙone.

Injiniyoyi sun yi ta dabaru. A ƙarshen 2016 Oculus ya kawo hanyar da kwamfuta ke zana hoto 45 kawai, manhaja ta ƙirƙiro sauran ta cike gurbi. A 2017 Microsoft ya fito da Windows Mixed Reality, wanda a lokacin yake iya tafiya a kan laftof maras katin hoto na musamman, da hoto 60 a daƙiƙa. An samu sauƙi, amma bai kai ga irin na'urorin da ke hannun yawancin jama'a ba.

A gari irin Zuru, inda Kwalejin Aikin Gona ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, laftof ɗin ɗalibai da na shagunan buga takardu galibi na hannu ne, HP ko Dell da suka gama aiki a ofisoshin Turai. Sun isa rubuta furojet da atisayen jarrabawar JAMB, amma ba a ƙera su don zana duniya sau 90 a daƙiƙa ba. Batirinsu ya tsufa, wutar gari kuma ba ta da tabbas.

Saboda haka ta wata ƙofa fasahar ta iso Najeriya. A 2014 Google ya fitar da Cardboard, akwatin kwali mai gilashi biyu da ake zura waya a ciki. A 2015 YouTube ya fara karɓar bidiyo mai digiri 360, wanda an riga an ɗauke shi da kyamara, na'ura kunnawa kawai za ta yi, kuma tsohuwar laftof ma tana iya wannan. A 2016 Judith Okonkwo ta buɗe Imisi 3D a Legas don koyar da aikin. Joel Kachi Benson ya ɗauki In Bakassi a sansanin 'yan gudun hijira na Maiduguri a 2018, sannan Daughters of Chibok, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice a 2019. Abin lura ne cewa labaran Arewa ne suka fara ɗaga sunan ƙasar a wannan fanni. A 2019 ɗin ne kuma aka fitar da Oculus Quest, tabaron da injinsa da batirinsa ke jikinsa, ba ya neman laftof. Taron fili irin bikin Uhola na Dakarkari, da rawarsa da kokawarsa, ya fi dacewa da wannan hanya ta kyamarar 360, wadda waya ke iya nunawa.