Daga 'Yandoto Zuwa Gobarau: Ziyarar Biranen Ilimi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya tashi daga Sabon Garin Gusau ya nufi Katsina ta hanyar Tsafe, to ya sani tun kafin ya bar Zamfara ya ratsa ƙasar malamai. A yankin Tsafe ne tsohon birnin 'Yandoto yake, inda ɗalibai suka riƙa tururuwa neman karatu tun kafin jihadi. Daga can ne, bisa ruwayar magabata, Muhammadu Korau ya fito, wanda ya zama sarkin Katsina na farko Musulmi a ƙarni na 15. Daga can kuma Malam Sambo Ɗan Ashafa ya taso ya kafa Gusau.

Amma saɓani ya shiga tsakanin malaman garin game da kiran Shehu Usmanu, har aka gwabza da rundunar Muhammadu Bello wajen shekarar 1806. Malamai suka watse, littattafai suka salwanta, birnin ya koma kufai.

Ita kuwa Katsina, Allah Ya tsare mata alamominta. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye, ragowar masallacin da ya kasance makarantar manyan malamai. Shehu Magili ya sauka birnin a ƙarshen ƙarni na 15. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Daga nan Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin hisabi da taurari, ya tafi aikin Hajji, ya zauna Alƙahira yana karantarwa har rasuwarsa a 1741. Ko da Turawa suka tashi kafa babbar makarantar horar da malaman boko a Arewa, nan suka zaɓa, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922.

Baƙi da yawa kan zo kallon hawan Sallah, su sha algaita da tambari a Ƙofar Soro, su ɗauki hoto gindin Gobarau, su juya gida. Shaƙatawa ta halal ba laifi ba ce. Sai dai muridi yana da wata buƙata bayan wannan: ya shiga da alwala, ya yi sallama ga mazauna maƙabartar Ɗan Marna, ya durƙusa gaban malaman zaure ya ɗauki ko da babi ɗaya ne. Ya kuma tuna da 'Yandoto: idan zukatan malamai suka rarrabu, ganuwa ba ta tsare ilimin gari.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya haɗa kan malamai da almajiransu, Ya maido da aminci a hanyoyin Zamfara da Katsina, albarkacin Fiyayyen halitta. Amin.