Tarihin Seleniyam: Daga Gubar Dabbobi Zuwa Batun Sankarar Mama

1/ Jama'a, ina ta ganin tallan ƙwayoyin seleniyam, wai suna maganin sankarar mama. Bari in ba ku tarihinsa a taƙaice.

2/ Berzelius, masanin kimiyya ɗan Siwidin, shi ya gano sinadarin a 1817. A shekarun 1930 guba aka ɗauke shi: a Dakota ta Kudu, Amurka, dabbobin da suka ci ciyawar da ya yi yawa a cikinta gashinsu ya zube, kofatonsu ya lalace.

3/ Sai a 1957 Klaus Schwarz ya nuna jiki na buƙatar ɗan kaɗan. A Keshan ta ƙasar Sin, inda ya yi ƙaranci a gonaki, ba yara shi ya rage wata cutar zuciya.

4/ Daga nan aka ce, to ko zai hana sankara? An gwada da maza sama da 35,000 a Amurka da Kanada. A 2008 aka dakatar, don bai hana sankarar furostet ba.

5/ Bangaren mata fa? Bincike a Folan da Siwidin ya gano masu sankarar mama da seleniyam ya yi ƙasa a jininsu sun fi saurin rasuwa. Amma fa wannan bai nuna shan ƙwaya na warkarwa ba. Rashin cin abinci da tsananin ciwo ma na iya saukar da shi.

6/ Akwai shi a kifi, ƙwai da nama. In ya yi yawa, gashi da farce ke tafiya. 'Yar'uwa, in kin ji ƙulli a mama, asibiti za ki fara zuwa, tun da wuri.